Rikicin Gidan Lambert Da Saɓanin Masu Karatu

A farkon watan Satumba na shekarar 2001, ana saura 'yan kwanaki a kai harin nan da ya girgiza birnin New York, wani kamfanin ɗab'i mai suna Farrar, Straus and Giroux ya fito da wani littafin ƙagaggen labari mai kauri, wanda shafofinsa suka haura 560. Sunan littafin The Corrections, watau "Gyare-gyare", marubucinsa kuwa Jonathan Franzen, mutumin Amurka, wanda a lokacin yake da shekara 42 da haihuwa. Tun daga wannan lokaci har yau, fiye da shekara 20 ke nan, masu karatu ba su daina gardama a kansa ba. Wasu sun sa shi cikin jerin littattafai mafiya daraja da aka rubuta a wannan ƙarni, wasu kuwa ko rabinsa ba su kai ba suka rufe, suka tura shi ƙarƙashin gado, suna da-na-sanin kuɗin da suka kashe. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, in ya saurari ɓangarorin biyu da kunnen basira, sai ya tarar sau da yawa abu guda suke kwatantawa, mai yabo yana yabonsa, mai kushe yana kushe shi.

Labarin kansa ba mai wuyar bi ba ne. Wani dattijo ne mai suna Alfred Lambert, tsohon injiniyan kamfanin jirgin ƙasa, yana zaune da matarsa Enid a wani gari da marubucin ya ƙago a tsakiyar Amurka, ya sa masa suna St. Jude. Sun kusa shekara 50 da aure. Alfred ya kamu da ciwon rawar jiki, wanda likitoci ke kira ciwon Parkinson, ga kuma gigin tsufa ya fara shigarsa, har ya kan tsaya a tsakiyar magana ya rasa inda ya dosa. Enid kuwa burinta guda ne a duniya, watau ta tara 'ya'yansu uku a gida su yi bikin Kirsimeti tare ko da sau ɗaya ne, kafin tsohon ya gama rikicewa. 'Ya'yan nan duk sun daɗe da watsewa zuwa biranen gabashin ƙasar, kuma kowannensu yana laluben hanzarin da zai kawo don kada ya zo.

Babbansu Gary ma'aikacin banki ne a Filadelfiya, yana da rufin asiri har da ƙari, da mata da 'ya'ya uku maza. Amma gidansa fagen daga ne, domin matarsa Caroline ba ta ƙaunar surukarta ko kaɗan, ta kuwa san yadda za ta jawo yaran su tsaya a bayanta. Shi kuma ciwon damuwa yana cinsa, yana musu, yana kurɓar barasa a ɓoye. Mai bi masa, Chip, malamin kwaleji ne da aka kora saboda ya yi lalata da ɗalibarsa. Ya ci bashin ƙanwarsa fiye da dala 20,000, ya rubuta wasan sinima da ba wanda ya saya, daga baya ya bi wani ɗan siyasa zuwa ƙasar Lituweniya don su damfari masu zuba jari na Amurka ta hanyar intanet. Autarsu Denise gwanar girki ce wadda sunanta ya fito a Filadelfiya, amma aurenta ya mutu, aikinta ma ya tafi bayan ta shiga tsakanin maigidanta da matarsa ta hanyar da ba ta da daɗin faɗa.

Sunan littafin yana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. 'Yan kasuwar hannun jari na Amurka su kan kira faɗuwar farashi bayan ya yi tashin gwauron zabi da sunan "gyara", labarin kuwa yana faruwa ne a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da kasuwar ta kumbura tana dab da faɗuwa. Sa'an nan kowane ɗa cikin ukun nan ya tsara zamansa ne da nufin gyara kuskuren da yake ganin iyayensa sun yi, ga shi kuwa kowa ya ɓuge da nasa kuskuren.

To, kafin a zo ga abin da masu karatu suka ce, ya kamata a san irin gangar da aka kaɗa wa littafin nan, domin rabin rigimar daga nan ta taso. Franzen ya riga ya buga littattafai biyu, The Twenty-Seventh City a 1988 da Strong Motion a 1992, waɗanda manazarta suka yaba amma kasuwa ba ta karɓe su ba. A 1996 ya rubuta wata doguwar maƙala a mujallar Harper's, inda ya koka a kan yadda talabijin da sauran abubuwan shagala suka ture littafi gefe, har marubuci ya rasa yadda zai yi magana da al'ummarsa. Mutane da yawa suka ɗauki maƙalar nan a kan alkawari ne ya yi na cewa shi zai kawo littafin da zai maido da martabar. Saboda haka da littafin ya fito bayan shekara biyar, 'yan jarida sun riga sun gyara alƙalumansu. Aka yi ta yabo a manyan jaridu. A watan Nuwamba na 2001 ya ci babbar kyautar littattafai ta ƙasar Amurka, a 2002 kuma ya ci kyautar James Tait Black ta Birtaniya, ya kuma kai zagayen ƙarshe na kyautar Pulitzer, ko da yake Richard Russo ne ya ɗauke ta.

Amma abin da ya kai sunansa gidajen da ba a saba sayen irin waɗannan littattafai ba, shi ne Oprah Winfrey. Wannan baiwar Allah tana da shirin talabijin da miliyoyin mutane ke kallo a wancan zamani, galibinsu mata, kuma tun 1996 ta kan zaɓi littafi ta ce wa masu kallonta su karanta, sa'an nan ta gayyato marubucin su tattauna. Duk littafin da ta zaɓa sai maɗaba'a ta kwana tana aiki. A watan Satumba na 2001 ta zaɓi na Franzen, kamfanin ya ƙara buga dubban ɗaruruwa, aka manna tambarinta a bangon. Maimakon ya yi godiya ya ja bakinsa, sai gogan naka ya shiga gaya wa 'yan jarida cewa tambarin nan bai kwanta masa a rai ba, cewa cikin littattafan da Oprah ta taɓa zaɓa akwai waɗanda ba su da zurfi, kuma yana tsoron kada maza su guji littafinsa don ganin sunanta a kai. Baki shi ke yanka wuya. A watan Oktoba Oprah ta janye gayyatar da ta yi masa. Ya nemi afuwa, ya ma gode mata a bainar jama'a ranar da ya karɓi kyautarsa, amma tabon ya riga ya zauna. Sai a 2010 suka shirya, sa'ad da ta zaɓi littafinsa na gaba, Freedom, ya kuma halarci shirin nata.

Ga sakamakon wannan duka a kan mai karatu. Mutane masu yawa sun buɗe littafin ne suna riƙe da fushin wani mutum da suke ganin ya raina su, ya ɗauki kansa ya fi ƙarfin matan gida masu kallon talabijin da rana. Wasu kuma sun buɗe shi suna jiran abin al'ajabi, tun da an ce musu ba a taɓa yin kamarsa ba. Wanda aka kwana ana yi wa kirarin miya, ko gishiri ne ya ɗan gaza sai ya ture kwanon. Lalle wannan ba laifin labarin gidan Lambert ba ne, amma shi ya biya bashin.

Ƙorafin da ya fi yawo a bakin waɗanda suka ƙi littafin shi ne, wai babu mutum ko ɗaya a cikinsa da za a so. Uban mai taurin kai ne, ba ya dariya, ba ya nuna wa kowa ƙauna. Uwar mai mita ce, mai son a gani a yaba, kullum tana gwada 'ya'yanta da na maƙwabta. Gary mai ƙididdigar kwabo ne, wanda ya kan bi uwarsa bashin 'yan kuɗin da ya kashe wajen sayo kayan gyaran gida. Chip ɗan iska ne mai ilmi, har akwai inda ya saci yankan kifi a kanti ya cusa a wando. Suka ce don me mutum zai dawo daga aiki a gajiye, ya zauna ya shafe makonni tare da mutanen da in a unguwarsu suke ko sallama ba zai yi musu ba? Wannan tambaya ce mai ma'ana, bai kuwa kamata a amsa ta da cewa mai yinta bai san adabi ba, kamar yadda wasu masoyan littafin suka saba yi. Mutum yana da ikon zaɓar wanda zai yi hira da shi, a zaure ko a takarda.

Sai dai kuma waɗanda suka so littafin, wannan hali na mutanen gidan Lambert shi ne ya kama su. Da yawa sun ce sun ga gidansu a ciki. Akwai wani wuri da marubucin ya koma baya, lokacin yaran suna ƙanana. Alfred ya dawo daga tafiya, Enid tana fushi da shi don ya tafi bai yi mata sallamar kirki ba, sai ta rama ta hanyar dafa abincin da ta san ba ya so, watau soyayyar hanta da wasu kayan lambu. Shi ya daure ya ci. Chip kuwa, yana ɗan yaro, ya kasa haɗiyewa, uban ya ce ba zai tashi daga teburin ba sai ya cinye. Daga nan kowa ya kama gabansa, uwar tana ganin tun da uban ya kafa doka shi zai janye ta, uban ya shige ɗakin gwaje-gwajensa ya manta. Yaron ya zauna shi kaɗai sa'o'i, har barci ya sace shi a kan teburin. Cikin dare uban ya fito ya same shi, ya ɗauke shi a hankali ya kai shi gado. Ba a daki kowa ba, ba a zagi kowa ba, amma duk wanda ya tashi a gidan da iyaye ke faɗa ta kan 'ya'yansu ya san abin da aka yi wa yaron nan a daren. Wanda ya rubuta wannan wuri ba za a ce ya tsani mutanensa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan masu cewa babu abin so a gidan nan tana can kusa da ƙarshen littafin, inda waɗanda suka rufe shi da wuri ba su kai ba. Shekara da shekaru Enid tana yi wa mijinta gori a kan ya ajiye aiki ba zato ba tsammani, a daidai lokacin da in da ya ƙara ɗan haƙuri da fanshonsa ya ƙaru ainun. Bai taɓa gaya mata dalili ba. 'Ya'yan ma sun ɗauka taurin kansa ne da suka sani. Sai a wannan Kirsimeti na ƙarshe, cikin maganganun gigin tsufa da ke kuɓuce masa, Denise ta gane abin da ya faru. Ashe tana budurwa, sa'ad da ta yi aikin hutu a ofishinsa, ta yi hulɗa da wani ma'aikaci mai aure, mutumin kuwa daga baya ya zo wa uban da maganar yana neman ya yi amfani da ita don ya tsira da aikinsa. Alfred ya gwammace ya bar aikin da kuɗin duka da a ja sunan 'yarsa a ƙasa. Bai tanka mata ba, bai canza mata fuska ba, ya haɗiye abin shekaru masu yawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da aka shafe ɗaruruwan shafofi ana nuna shi kamar dutse, ashe irin tasa ƙaunar ke nan, kuma ba a gano ta ba sai da hankalinsa ya tafi, lokacin da godiya ba za ta ƙara isa gare shi ba.

Franzen ya san abin da yake rubutawa a nan. Ya tashi a kusa da birnin St. Louis, mahaifinsa Earl Franzen injiniyan jirgin ƙasa ne, ya kuma rasu a 1995 bayan ya yi fama da ciwon mantuwa da ake kira Alzheimer. Littafin ba tarihin gidansu ba ne, amma yadda ya kwatanta tsoho yana kokawa da hannunsa don ya kai loma baki, da yadda yake ɓoye wa iyalinsa cewa ya ɓata tufafinsa, ba abin da mutum zai tsinta a ɗakin karatu ba ne. Shi ya sa waɗanda suka yi jinyar tsoho a gida suka fi kowa tsaya wa littafin.

Ƙorafi na biyu kuwa, a nan masu kushe sun fi gaskiya. Littafin ya yi tsawo fiye da bukata, kuma akwai wuraren da marubucin ya manta da mutanensa ya shiga nuna ya san duniya. Zaman Chip a Lituweniya wasan barkwanci ne da aka ja shi har ya gundura, an kuma mai da ƙasar mutane abin dariya. Haka labarin wani kamfanin magunguna da ya nemi sayen wata fasaha da Alfred ya ƙirƙiro a kan dala 5,000 kacal, da dogayen bayanai a kan ƙwaƙwalwa da hannun jari. Akwai ma inda tsohon, cikin ruɗewa a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ya ga najasa tana yi masa magana, aka kuwa ba ta shafofi tana zuba. Masu karatu da yawa a nan suka yi sallama da littafin, kuma da wuya a ga laifinsu. Shahararren mai sharhin littattafai James Wood, wanda ya rubuta a kansa a mujallar The New Republic a 2001, shi ma ra'ayinsa ya karkata ga cewa ƙarfin littafin yana cikin gida ne, rauninsa kuwa yana inda ya yi yunƙurin ɗaukar Amurka duka a ka. Da an yanke shafi ɗari daga waɗannan wurare, da abokan gabansa sun ragu.

Wata gardamar ta taso daga baya, wadda ta shafi masu yabon fiye da marubucin. A 2010, da Freedom ya fito, mujallar Time ta sa hoton Franzen a bangonta tana kiransa babban marubucin Amurka. Sai wasu mata biyu marubuta, Jodi Picoult da Jennifer Weiner, waɗanda littattafansu ke da kasuwa ƙwarai, suka fito suka ce akwai son kai a cikin lamarin. A cewarsu, in mace ta rubuta labarin aure da iyali sai a ce littafin mata ne, a ajiye shi a gefe, amma in namiji ya rubuta irinsa sai manyan jaridu su ce ya buɗe zuciyar al'umma. Wannan zargi bai rage kome daga labarin Alfred da Denise ba, amma yana da ƙamshin gaskiya, tun da mata irin su Anne Tyler da Alice Munro sun daɗe suna rubuta rikicin cikin gida da ƙwarewa kafin a kaɗa wa Franzen tambari.

Mai karatu Bahaushe da ya ci karo da littafin zai iya kawo nasa ƙorafin, wanda Amurkawa ba su cika kawowa ba, watau cewa asirin gida ba a kai shi kasuwa, kuma bai dace ɗa ya tsaya yana ƙidaya aibin mahaifiyarsa ba, ko da a ƙagaggen labari ne. Zai kuma yi mamakin 'ya'ya uku masu ƙarfi da lafiya suna ja-in-ja a kan wanda zai ɗauki nauyin uba guda. Amma littafin bai wanke su ba. Gary, wanda ya fi kowa kuɗi da yawan magana a kan abin da ya kamata a yi, shi ya zo ya zazzage wa kowa gaskiyarsa ya kama hanyar filin jirgin sama ranar bikin. Chip, wanda aka riga aka cire rai da shi, ya iso a makare, ba kaya ba kuɗi, shi ne kuma ya zauna makonni yana jinya, shi kaɗai tsohon ke yarda da shi a asibiti. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Har yanzu manazarta suna nan a kan bakansu. Mujallar Time ta sa shi cikin littattafai 100 da ta zaɓa a 2005, kuma a 2024, da jaridar New York Times ta tambayi ɗaruruwan marubuta da masu sharhi game da littattafan wannan ƙarni, shi ya zo na 5. Wannan bai sa waɗanda suka rufe shi a tsakiya sun koma sun buɗe ba.

Ko waɗanda suka kai ƙarshensa ma ba su tashi da baki ɗaya ba. Alfred ya roƙi Chip ya taimake shi ya huta da duniya, Chip ya ce ba zai iya ba, aka kuma kai tsohon gidan kula da tsofaffi. Enid ta riƙa zuwa wurinsa kullum, tana yi masa hidima, tana kuma amayar masa da duk abin da ta ƙunsa na shekara 50, tana gaya masa inda ya yi kuskure ɗaya bayan ɗaya, yanzu da ba shi da bakin musu ko ƙafar tashi ya bar mata ɗakin. Da ya daina cin abinci ya rasu, sai marubucin ya nuna ta hankalinta a kwance fiye da yadda aka taɓa ganinta tun farkon labarin. Wasu suka ce wannan rashin imani ne, an rufe littafi da mace tana jin sauƙin mutuwar mijinta. Wasu suka ce mace ce da aka hana ta magana tun tana amarya, sai da ta kai shekara 75 ta samu wanda zai zauna ya saurare ta, shi ma don ba ya gane abin da take faɗa ne.